Yadda Ake Gina Aikin Jami'a a Fannin Lissafin Yaɗuwar Cututtuka

Ɗalibin da Allah ya hore wa basirar lissafi, kuma yake son basirar tasa ta amfani marasa lafiya, yana da wata hanya da ba kasafai ake nuna masa ita a sassan lissafi na jami'o'inmu ba, wato ya zama mai binciken yaɗuwar cututtuka ta hanyar samfurin lissafi. Mai wannan aiki yana ɗaukar abin da aka sani game da cuta, kamar yadda take tsallakawa daga wani zuwa wani, da kwanakin da take yi a jiki kafin ta bayyana, da tsawon lokacin da garkuwar wanda ya warke take ɗorewa, ya mayar da su ƙa'idojin lissafi, sannan ya amsa da su tambayoyin da suke gaban hukumomin lafiya: mutum nawa za su kamu, yaushe annoba za ta kai ƙarshen ƙarfinta, gadaje nawa asibiti zai buƙata, kuma idan alluran rigakafi ba su isa kowa ba, da wa ya kamata a fara. Shawarar da na fi nanata wa duk mai son wannan hanya ita ce ya fara da cuta da tambayar da take damun masu yaƙi da ita, daga nan sai ya nemi lissafin da ya dace, domin waɗanda suka fara da lissafi suka tafi neman cutar da za su rataya masa sun cika mujallu da takardun da babu wani jami'in lafiya da ya taɓa buɗewa.

Ka fara sanin inda fannin ya fito, saboda tambayoyinsa na farko suna nan har yau. A shekarar 1760 Daniel Bernoulli ya gabatar da lissafinsa a birnin Paris game da shekarun da za su ƙaru a rayuwar jama'a idan aka yi musu kariya daga agana. Ronald Ross, wanda ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar maleriya, ya nuna da lissafi a 1911 cewa ba sai an kashe kowane sauro ba kafin cutar ta gushe, ya isa a rage yawansa zuwa ƙasa da wani mizani. A 1927 Kermack da McKendrick suka raba jama'a gida uku, waɗanda za su iya kamuwa, da waɗanda suke ɗauke da cutar, da waɗanda suka fita daga sahu ta hanyar warkewa ko mutuwa, suka gwada tsarin nasu da alƙaluman annobar da ta auka wa Bombay a 1905 zuwa 1906. Wannan tsari, wanda ake kira SIR, shi ne darasin farko na kowane ɗalibi har yanzu.

Akwai kuma wani babi na tarihin da aka rubuta shi a ƙasar Hausa, wanda ya kamata ɗalibinmu ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Garki, yankin da a lokacin yake cikin jihar Kano, yau kuma yake cikin Jigawa. An bi mutanen ƙauyukan ana ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci, ana ƙirga sauron da yake cizonsu, an yi feshin magani a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma an haɗa da raba wa jama'a maganin maleriya. A 1974 Dietz da Molineaux da Thomas suka wallafa samfurin lissafin maleriya da aka gwada da waɗannan alƙaluma. Binciken ya nuna cewa feshi da magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su katse yaɗuwarta ba, kuma ta dawo bayan an daina. Har yau manyan samfuran maleriya, irin su OpenMalaria na cibiyar Swiss TPH da ke Basel, suna komawa ga alƙaluman Garki wajen daidaita kansu. Abin da ya ba aikin Garki wannan tsawon rai shi ne masu lissafi da masu binciken sauro da likitoci sun yi aiki a kan tambaya guda, kuma an tilasta wa lissafin ya fuskanci abin da aka gani a jinin mutane.

Abin da za ka koya a digirin farko

Ana shigowa fannin ta ƙofofi da yawa: lissafi, kimiyyar lissafin ƙididdiga, fiziks, kimiyyar kwamfuta, likitanci, likitancin dabbobi, ko nazarin halittu. Kowace ƙofa tana da gibin da mai shigowa ta cikinta zai cike. Idan daga lissafi ka fito, ka tabbata ka ƙware a kalkulas, da aljabarar matiris, da difarenshiyal ikweshan, wato lissafin yadda abu yake sauyawa da lokaci, domin a kansu aka gina samfurin SIR da duk danginsa. Kada ka raina lissafin yiwuwa, saboda a farkon annoba, lokacin da masu cutar ba su wuce biyar ko goma ba, sa'a tana da babban tasiri, kuma samfurin da ba ya lissafa sa'a ba zai iya faɗa maka ko cutar za ta mutu da kanta ko za ta ɓarke ba. Darasin da ɗaliban lissafi suka fi sakaci da shi, kuma shi ne wanda masu ɗaukar aiki suka fi nema, shi ne ƙididdiga, musamman hanyar Bayes ta ƙiyasta ƙimar abin da ba a gani ba daga abin da aka gani, tare da faɗin iyakar rashin tabbas. Idan kuwa daga likitanci ko nazarin halittu ka fito, ka riga ka san cutar, sai ka ware shekara guda ka zauna da littafin kalkulas da na aljabara, kana warware tambayoyi da biro da takarda.

Rubuta manhajar kwamfuta wajibi ne a kan kowa. Harsunan R da Python su ne aka fi amfani da su, dukansu kyauta ne, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi ta ishe ka shekarun farko. Ka zaɓi ɗaya ka ƙware a kansa kafin ka taɓa na biyun, sannan ka koyi ajiye aikinka da Git, manhajar da take adana duk sauyin da ka yi masa, tun da wuri, ka riƙa ɗora shi a shafin GitHub yadda wani zai iya sauke shi ya sake samun sakamakon da ka samu. Littafin Keeling da Rohani na 2008 ya dace da mai farawa saboda yana tafe da manhajojin misalansa, shi kuwa na Anderson da May na 1991 shi ne tushen da za ka riƙa komawa gare shi. Kwalejin Imperial ta Landan tana da jerin darussan fannin a Coursera da ake koyarwa da R.

Aikin farko da hannunka

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa wasiƙa, ka gina samfurin SIR da kanka, ka gwada shi da alƙaluman gaske. Akwai misalin da kusan kowa yake farawa da shi: murar da ta ɓarke a wata makarantar kwana a arewacin Ingila a 1978, inda daga cikin yara 763 guda 512 suka kwanta, kuma an rubuta adadin masu jinya na kowace rana. Alƙaluman suna samuwa kyauta a cikin R. Ka nemi saurin yaɗuwa da saurin warkewa waɗanda za su sa layin samfurinka ya bi ta kan alƙaluman, daga nan ka fitar da R0, wato matsakaicin adadin mutanen da mai cuta guda zai harba idan ya shiga cikin jama'ar da babu mai garkuwa a cikinsu. Idan wannan adadi ya haura 1 cutar tana iya bazuwa, idan ya gaza 1 za ta lafa.

Daga nan sai ka ga yadda ɗan gajeren lissafi yake zama manufar lafiya. Kason jama'ar da dole su sami garkuwa kafin cuta ta kasa bazuwa shi ne 1 a debe 1 bisa R0. Ana yawan ƙiyasta R0 na ƙyanda tsakanin 12 da 18; idan ka ɗauki 15, amsar ta zama kusan kashi 93 cikin 100. Allurar ƙyanda da ake yi wa jariri yana wata tara tana kama jikin kusan kashi 85 cikin 100 na yaran da aka yi wa, saboda haka ko da an yi wa kowane yaro ba a rasa ko ɗaya ba, allura guda ba za ta kai jama'a ga kashi 93 ba. Wannan shi ne dalilin allura ta biyu, kuma ɗalibin da ya iya bayyana wa ma'aikaciyar asibitin unguwarsu wannan hujja cikin Hausa mai sauƙi ya riga ya mallaki wata fasahar da wasu masu digirin digirgir ba su da ita.

Sanin ƙasa da sanin alƙaluma

A nan ne nake son ɗalibi ya tsaya ya yi dogon tunani, domin a nan ne yake da abin da wasu ba su da shi. Samfuran ƙyanda na farko an gina su ne da alƙaluman Ingila da Wales, inda cutar take tashi idan an buɗe makarantu, ta sauka idan an yi hutu, kuma kafin zuwan rigakafi takan ɓarke duk bayan shekara biyu kusan a kan ƙa'ida. Da Matthew Ferrari da abokan aikinsa suka nazarci alƙaluman Yamai, a binciken da suka wallafa a mujallar Nature a 2008, sai suka tarar da wani abu dabam: cutar tana tashi da rani, ta faɗi da saukar damina, kuma bambancin da ke tsakanin lokutan biyu yana da ƙarfin da yake sa annobar ta zo babu tsari, wata shekara ta kusa ɓacewa, wata shekara ta kwantar da dubban yara. A 2011 Nita Bharti da abokan aikinta suka yi amfani da hotunan hasken dare da tauraron ɗan'adam ya ɗauka a kan Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka nuna cewa hasken biranen yana ƙaruwa da rani tare da ƙaruwar yaɗuwar cutar, alamar cewa jama'a suna kwararowa birni bayan girbi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan kwararowa da sunanta, ci-rani, ya san lokacinta, ya san unguwannin da 'yan ci-rani suke sauka. Irin wannan sani shi ne yake hana mai lissafi ɗora zaton wata ƙasa a kan wata.

Haka lamarin yake ga sanƙarau, wadda take zuwa da hunturu da bazara a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ta ɗauke da zarar ruwa ya sauka, kuma wadda annobarta ta 1996 ta kama mutane kusan 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsu ba sa yin rashin lafiya, don haka samfurin da yake ƙirga masu jinya kawai zai ɓata hanya. Bayan an fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, samfuran lissafi sun taimaka wajen nuna cewa kamfen guda ba zai wadatar ba sai an saka allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum.

Saboda haka ka koyi yadda ake haifar da alƙaluman da za ka yi aiki da su. Ka nemi izini ka zauna da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ka ga yadda ake cike rajista a asibiti, da yadda adadi yake tafiya daga takarda zuwa manhajar tattara alƙaluman lafiya ta DHIS2, da inda yake ɓacewa a hanya. Za ka fahimci cewa sifili a wani mako yana iya nufin babu mai cuta, yana kuma iya nufin ba a aiko da rahoto ba, kuma mutane da yawa sun yi jinya a gida ko sun sayi magani a kemis ba tare da an rubuta su ba. Akwai alƙaluman da kowa zai iya nema, kamar rahotannin mako-mako na hukumar NCDC game da zazzaɓin Lassa da kwalara, da binciken lafiyar jama'a na gida-gida da ake kira DHS, da taswirorin yawan jama'a na WorldPop, da na Malaria Atlas Project. Waɗanda suke hannun ma'aikatar lafiya kuwa sai da rubutacciyar yarjejeniya da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma wajibi ne a saka sunayen waɗanda suka tara su cikin marubutan takardar idan sun ba da gudummawar da ta cancanci haka.

Digiri na biyu da na uku

Ga mai digirin lissafi a Afirka, cibiyar koyar da kimiyyar lissafi ta Afirka, wato AIMS, tana daga cikin ƙofofi mafi kyau. An kafa ta a 2003 a Muizenberg kusa da Cape Town, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, kuma tana ba da digiri na biyu na kusan shekara guda tare da ɗaukar nauyin ɗalibi. A cibiyar ta Muizenberg ne ake gudanar da horon MMED na mako biyu, wanda manufarsa ita ce haɗa samfuri da alƙaluma, tare da haɗin gwiwar cibiyar SACEMA ta Jami'ar Stellenbosch. A Ingila akwai makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Landan, wato LSHTM, da Kwalejin Imperial da jami'o'in Warwick da Oxford da Cambridge, dukansu da ƙungiyoyi masu ƙarfi a fannin. Hanyoyin samun kuɗin karatu sun haɗa da guraben Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da TWAS, da Wellcome, sai kuma TETFund ga wanda ya riga ya zama malami a jami'ar gwamnati a Najeriya. Mai binciken maleriya ya shiga ƙungiyar masu samfurin lissafin maleriya ta AMMnet, inda ake sanar da horo da guraben aiki.

Digirin digirgir yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu a Ingila, kusan biyar ko fiye a Amurka, kuma zaɓen wanda zai duba aikinka ya fi zaɓen sunan jami'a muhimmanci. Ka karanta takardunsa na baya-bayan nan, ka duba ko yana aiki da alƙaluman gaske da hukumomin lafiya, ka bincika inda tsofaffin ɗalibansa suke yanzu, idan da hali ka tambayi ɗaya daga cikinsu ko malamin yana samun lokacin karanta abin da aka rubuta masa. Wasiƙarka ta farko ta zama gajera: ka ambaci takardarsa da ka karanta da abin da ya ja hankalinka a ciki, ka faɗi tambayar da kake son bincika, ka sa adireshin aikinka na GitHub. Wasiƙar da aka aika wa farfesoshi hamsin da kalmomi iri ɗaya ana gane ta tun daga layin farko. Hanyar tana da tsawo, amma an bi ta an isa: Farfesa Abba Gumel ya yi digirin farko a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi digirgir a Jami'ar Brunel ta Ingila, ya koyar a Jami'ar Manitoba ta Kanada da Jami'ar Jihar Arizona kafin ya koma Jami'ar Maryland, kuma yana cikin sanannun masana wannan fanni.

Wallafa bincike

Akwai wani salon takarda da ya yi yawa, wanda ya kamata ka san iyakarsa. Ana raba jama'a gida bakwai ko goma, a fitar da R0 ta hanyar da van den Driessche da Watmough suka tsara a 2002, a tabbatar da cewa cutar za ta gushe idan adadin ya gaza 1, a ɗauko ƙimomi daga wasu takardu ko a zace su, a zana hotuna, a rufe da cewa a ƙara wayar da kan jama'a. Koyon wannan hanya yana da amfani a matsayin horo, kuma nazarin lissafi zalla yana da darajarsa idan ya gano sabon abu, amma maimaita shi a kan cuta bayan cuta ba ya gina suna a wajen masana. Takarda mai nauyi tana da tambaya guda bayyananniya, da samfurin da bai fi ƙarfin alƙaluman da ke hannu ba, da faɗin rashin tabbas a fili, da manhajar da kowa zai iya dubawa. Ka riƙa karanta mujallu irin su Epidemics da PLOS Computational Biology da Bulletin of Mathematical Biology domin ka ga mizanin da ake nema, ka kuma guji duk mujallar da ta yi maka alƙawarin wallafawa cikin mako guda idan ka biya kuɗi, domin kwamitocin ba da tallafi suna gane su, kuma suna rage darajar sauran ayyukanka.

Bayan digirgir

Yawancin masu gama digirgir a wannan fanni suna shiga aikin bincike na kwantiragi, shekara biyu ko uku a wuri guda, wani lokaci sau biyu ko sau uku kafin su sami kujera ta dindindin. Ya kamata ka san wannan tun da wuri, ka tattauna shi da iyalinka, domin yana nufin ƙaura da rashin tabbacin albashi na wasu shekaru. A wannan mataki ake so ka fito da tambayarka ta kanka wadda ta bambanta da ta malaminka, ka fara neman ƙananan tallafi da sunanka, ka duba aikin ɗalibi ko biyu, sannan ka nemi babban tallafin da zai ba ka damar kafa ƙungiyarka. Wanda bai ci gaba a jami'a ba yana da wurin zuwa a Hukumar Lafiya ta Duniya, da Africa CDC, da hukumomin lafiya na ƙasa, kuma mutane suna kaiwa da komowa tsakanin ɓangarorin biyu.

Fasahar da za ta fi yi maka amfani a nan ita ce magana da masu yanke hukunci. A Satumbar 2014 hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta cewa masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015 idan ba a ƙara ɗaukar mataki ba; da annobar ta ƙare, jimillar waɗanda suka kamu a Yammacin Afirka ta tsaya a kusan 28,600. A Maris 2020 rahoton Kwalejin Imperial ya ambaci mutuwar mutane kusan 510,000 a Birtaniya idan ba a yi komai ba game da korona. Dukan adadin biyu suna tafe da sharaɗi, amma da suka shiga bakin jama'a sai sharaɗin ya faɗi, aka riƙa cewa masu lissafi sun yi kuskure. Ka koyi bambanta hasashen abin da zai faru a makonni kaɗan masu zuwa da kwatancen abin da zai faru idan aka zaɓi wannan mataki ko wancan, ka rubuta sharaɗin a cikin jumlar da adadin yake, kuma ka iya taƙaita aikin shekara guda a shafi ɗaya wanda kwamishinan lafiya zai karanta kafin ya shiga taro.

Idan ka dawo koyarwa a jami'ar gida, ko a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, nauyin azuzuwa zai cinye mafi yawan makonka, kuma ƙarin girma zai dogara da takardun da ka wallafa bisa ƙa'idar jami'arka, ko ta CAMES, hukumar da take tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, idan a Nijar kake. Ka keɓe rana guda a mako wadda ba ka taɓa komai a cikinta sai bincike, ka riƙe haɗin gwiwa da ƙungiyar da ka fito daga cikinta domin samun manyan kwamfutoci da mujallu, ka kuma je ka gabatar da kanka ga jami'in kula da annoba na jiharka tun ana zaman lafiya, ka tambaye shi wace tambaya ce take hana shi barci. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, kuma tambayoyi irin su wace ƙaramar hukuma ce za a ba yaranta maganin kariya na damina, a wane wata za a fara, zagaye nawa za a yi, suna buƙatar amsa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ka raba irin waɗannan tambayoyi ga ɗalibanka na digiri na biyu, kowa da jiharsa da alƙalumansa, ka sa su gabatar da sakamakon a gaban ma'aikatan lafiyar da suka tara alƙaluman kafin a aika da shi kowace mujalla.